Bashi da Karayar Arziki: Abin da Doka ta Tanada da Abin da Kotuna Suka Yanke

Hausawa kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manomi yakan ci bashin taki, ɗan kasuwa yakan karɓi kaya sai ya sayar ya biya, ma'aikaci kuma yakan ranci kuɗi a banki. Amma wani lokaci kasuwa kan juya wa mutum baya, ko gobara ta cinye masa shago, har ya wayi gari abin da ake bin sa ya fi abin da ya mallaka. Wannan hali shi ake kira karayar arziki. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa jama'a cewa gidan warware rikicin bashi shi ne kotu, ba ofishin 'yan sanda ba, da kuma hanyar da doka ta shimfiɗa domin wanda arzikinsa ya karye.

Hukuncin Kotun Ƙoli

Ya zama al'ada ga wasu mutane, idan suna bin wani bashi, sai su kai ƙara wurin 'yan sanda a kama shi a tsare har danginsa su haɗa kuɗi. Kotunan ƙasar nan sun sha yin tir da wannan ɗabi'a.

A shekarar 2018 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci a kan wani saɓani tsakanin wani banki da abokin hulɗarsa, inda bankin ya kai kuka ga hukumar EFCC. Kotun ta bayyana cewa ba a kafa hukumar domin karɓo wa mutane bashi ba, kuma bai dace a mai da rikicin ciniki ya zama tuhumar laifi ba.

A shekarar 2020 kuma kotun ta sake jaddada wannan magana a wata shari'a da ta faro daga Kaduna. An ba wani mutum kuɗi domin ya samo ɗan raƙumin dawa, bai kuwa kawo ba a kan lokaci. Sai aka haɗa shi da 'yan sanda, aka gurfanar da shi, aka same shi da laifi. Da maganar ta kai Kotun Ƙoli sai ta soke hukuncin. Dalilinta shi ne, abin da ya faru saɓa alkawarin ciniki ne, maganinsa kuwa ƙarar neman haƙƙi. Aikin 'yan sanda hana laifi ne da binciken laifi, ba bin bashi ba.

Dokokin Majalisar Tarayya ma sun bi wannan hanya. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duka sun hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Sun kuma hana a kama wani a madadin wani, watau ba a kama mata saboda mijinta, ko uba saboda ɗansa. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi damar neman diyya da kuma a ba shi haƙuri a bainar jama'a.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka wannan kariya ta haɗa da macuci. Wanda ya karɓi dukiya ta hanyar yaudara ya aikata zamba. Haka nan wanda ya karɓi kaya ya ba da cekin da ya san babu kuɗi a bayansa, dokar 1977 ta tanadar masa ɗaurin shekara 2 ba tare da zaɓin tara ba.

Dokar Karayar Arziki

Dokar da ta shafi mutum ɗaya wanda ya kasa biyan basussukansa ita ce Dokar Karayar Arziki ta 1979. Kamfanoni suna da tasu dokar dabam. Sashe na 251 na Tsarin Mulki ya ba Babbar Kotun Tarayya kaɗai ikon sauraron irin wannan shari'a.

Ba haka kawai ake kiran mutum karyayye ba, sai ɗayan abubuwan da doka ta lissafa ya faru. Daga cikinsu akwai waɗannan:

1. Kotu ta tabbatar da bashi a kansa, an kai masa takardar gargaɗi, kwana 14 sun wuce bai biya ba, bai kuma daidaita da mai bin sa ba.
2. Ma'aikatan kotu sun kama kayansa saboda bashi, sun sayar, ko sun riƙe har kwana 21.
3. Shi da kansa ya shaida wa kotu cewa ba zai iya biya ba.

Mai bin bashi ba zai shigar da ƙara ba sai kuɗin sun kai Naira 2,000, adadin da yake da nauyi ƙwarai a 1979, kuma sai cikin wata 3 da faruwar abin da ya dogara da shi.

Idan kotu ta gamsu, sai ta ba da umarni a riƙe dukiyar mutumin a hannun jami'in da hukuma ta naɗa. Daga wannan lokaci masu bin bashi ba za su yi ta yi masa rubdugu ɗaya bayan ɗaya ba. Za a tara su, shi kuma ya kawo cikakken lissafin abin da ya mallaka da abin da ake bin sa, ya amsa tambayoyi a gaban kotu. Yana da damar neman sulhu, misali ya biya wani kaso ko ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. In an amince kuma kotu ta yarda, shi ke nan. In sulhu ya faskara, sai a tabbatar da karayarsa, a danƙa dukiyar ga amintaccen wakili ya sayar ya raba.

Ga misalin rabon. A ce mutum uku suna bin wani Naira miliyan 3, da miliyan 2, da miliyan 1, babu mai riƙe da jingina a cikinsu. Bayan an fitar da kuɗin ɗawainiya da haƙƙoƙin da doka ta gabatar, irin su haraji da albashin ma'aikatansa, sai miliyan 3 ta rage. To, kowa zai sami rabin abin da yake bi: na farko miliyan 1 da rabi, na biyu miliyan 1, na uku rabin miliyan. Mai ƙarfi ba ya kwashe kome ya bar mai rauni hannu wofi.

Doka ba ta yarda a bar mutum tsirara ba. Ana bar masa kayan sana'arsa da tufafi da shimfiɗar iyalinsa har iyakar da aka ƙayyade. Dukiyar da yake riƙe da ita amana ga wani ba ta shiga rabo.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun zaure. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi bayanin babin taflisi, inda alƙali yake hana wanda bashi ya rufe taɓa dukiyarsa, ya raba ta ga masu bin sa gwargwadon haƙƙin kowa.

Abin da Karaya Take Jawowa

Hanyar nan ba mafaka ba ce ga mai son cin dukiyar mutane. Muddin kotu ba ta sallami karyayye ba, Tsarin Mulki ya hana shi tsayawa takarar Shugaban Ƙasa, ko Gwamna, ko ɗan Majalisar Tarayya ko ta Jiha. Ba zai zama darektan kamfani ba. Ɓoye dukiya ko littattafan lissafi laifi ne. Wanda ya mallaka wa ɗan'uwansa gida da nufin kauce wa masu bin sa, kotu tana iya warware wannan kyauta. Amma wanda ya yi gaskiya yana iya neman sallama, idan ya samu kuwa an sauke masa mafi yawan basussukan da suka rage, ya soma sabuwar rayuwa.

Abubuwan Tunawa

Ya kamata kowane bashi ya kasance a rubuce, da shaidu, da ranar biya. Wanda ya ga alamar zai gaza, ya je wurin mai bin sa tun da wuri, gama gudu ba ya biyan bashi. Wanda takardar kotu ta iske shi kada ya jefa ta ƙarƙashin tabarma, domin kwanakin da doka ta ƙidaya ba sa jiran kowa. Mai bin bashi kuma ya nufi kotu, kada garin neman kuɗinsa ya koma shi ne mai biyan diyya. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman shawara a ofishin Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976 domin marasa ƙarfi.