Yadda ake haɗa oba-oba da intanet daga Furfuri

Oba-oba ta hannu ba ta da dogon zango. Muryarta a miƙe take tafiya, in ta ci karo da tudu sai ta tsaya. Wanda ke Furfuri da wuya ya ji na Tsafe, ga nisa, ga duwatsun Kwatarkwashi a hanya. Masu rediyo don sha'awa sun samo mafita: ƙaramar tasha da za ta karɓi muryarka ta zuba a intanet, wata tashar a Kano ko Yamai ko Landan ta sake mayar da ita iska.

Da lasisi ake farawa, tun kafin a sayi ko waya ɗaya. Gwamnati ce ke bayarwa, tare da lambar kira, wadda a Najeriya take farawa da 5N, a Nijar kuma 5U. A Zamfara wannan takarda kariyar rai ce. A inda ake fama da 'yan bindiga, duk wanda aka gani da oba-oba babu shaida za a iya ɗaukarsa infoma. Ka riƙa yawo da kwafinta, kuma shawarata ka sanar da mai gari da ofishin 'yan sanda kafin ka kafa eriya.

Daga nan sai ka tura hoton lasisin ga shafin RadioID, su ba ka lamba mai alƙaluma bakwai. Ta Najeriya da 621 take farawa.

Kayan ba su da yawa: 'yar kwamfuta Raspberry Pi, falle na MMDVM mai ƙaramar eriya, katin mimori, fawa banki mai bolt 5, da wayar da za ta raba data. Sai rediyon da ke jin tsarin DMR. A kula a nan, domin oba-oba ta gama-gari da ake samu a kasuwa ba ta jin wannan tsari.

Za ka ɗora manhajar Pi-Star a kan katin, ka zura shi, ka ɗaura fallen a bisa kwamfutar. Murɗa eriya tukuna, sannan ka ba ta wuta. In ta kama intanet, buɗe shafinta a waya, ka fara da canza kalmar sirrin da ta zo da ita, don kowa ya san ta. Sai ka shigar da lambar kira, da lambar da RadioID suka ba ka, da mita. Zaɓi mita tsakanin megahaz 430 da 440, amma ka kauce wa 435 zuwa 438, na taurarin ɗan'adam ne. Ka yi rajista a BrandMeister, cibiyar da ke haɗa irin waɗannan tashoshi, ka ƙirƙiri kalmar sirri ta tasha, ka zaɓi uwar garke mafi kusa.

A rediyon kuwa, mitar dai ita ce, lambar launi 1, gurbin lokaci 2. Gwajin farko shi ne kiran 9990: ka yi magana, ta maimaita maka abin da ka faɗa. Idan muryar tana yankewa, sau da yawa mitar fallen ce ta ɗan goce, sai a matsa ta kaɗan-kaɗan a shafin saiti har ta washe. Wannan wuri yana son haƙuri, kuma nan ne mutane ke yanke ƙauna su ce kayan jabu ne. In ta daidaita, zauren hira na 91 na duniya ne gaba ɗaya, 4000 kuma shi ke fitar da kai. Ka saurara kafin ka yi sallama, ka ambaci lambar kiranka. Ba a ciniki a nan, ba a kuma sakaya zance.

Ƙarfin wannan tasha miliwat 10 ne ko kusa da haka, gida ɗaya take ci. Mai son a ji shi a gari sai ya kafa babbar tasha da manhajar EchoLink, wadda Jonathan Taylor ya fitar a 2002, ko da AllStarLink. Ana haɗa kwamfuta da rediyon FM ta akwatin sauti, a ɗaga eriya bisa dogon ƙarfe, masu oba-oba su danna lambar tashar da suke so. Lambar gwajin EchoLink 9999 ce. Layukan data na waya kan toshe ƙofofin 5198 da 5199 da take buƙata, sai a bi ta tashar wakili.

Abin da na fi so a riƙe shi ne, duk wannan a kan intanet yake tsaye. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni babu kira babu data. A irin wannan hali ƙaramar tasha ba ta da amfani ko kaɗan. Don haka masu lasisi na Gusau da Bungudu da kewaye su tsayar da mita ɗaya ta kai tsaye, rediyo zuwa rediyo. Ana haɗuwa a megahaz 145.500, mitar kira, sannan a koma wadda aka yi alkawari. Su sa lokaci a mako suna gwada ta, kowa ya san iyakar inda eriyarsa take kaiwa.