Injin Niƙa Da Gudunsa

Dukanmu mun san dutsen niƙa da ɗansa. Mun san turmi da taɓarya. Da su iyayenmu mata su ke surfe, su ɓarza, su niƙa, tun da jijjifi. Aiki ne mai cin baya da gwiwa.

A nan ƙasarmu, daga Dayi zuwa Malumfashi har Funtuwa, dawa da gero su ne abincin gida tun kaka da kakanni. A shekarar 1975 aka buɗe babban shirin aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya. Aka kawo takin zamani da sabon irin masara, masara ta yawaita. To, masara tana da tauri, ba ta niƙuwa a dutse sai da wahala. Wannan yana cikin abin da ya sa injin niƙa ya bazu cikin ƙauyukanmu.

Abin da mu ke kira inji kashi biyu ne. Akwai mai ba da ƙarfi, shi ke shan mai. Akwai kuma mai niƙan, shi ne mai faranti biyu na ƙarfe masu haƙora. Ɗaya yana tsaye, ɗaya yana juyawa, hatsi yana bi ta tsakaninsu. Bel ne ya haɗa su. Bel yana zagayawa a kan wani faifan ƙarfe da makanikai ke kira fuli, ɗaya a jikin inji, ɗaya a jikin mai niƙa.

Ba dukan injuna ke gudu ɗaya ba. Lista, mai shan gas, wanda aka fara ƙerawa a Ingila wajen 1930, yana da ƙarfin doki 6, yana juyi 650 a minti ɗaya. Ƙaramin inji mai shan fetur kuwa ya kan yi juyi 3,600 a minti ɗaya. Wannan gudu ya fi ƙarfin faranti. Sai a rage shi da fuli.

Ga lissafin. Mu ce faɗin fulin inji inci 3 ne, na mai niƙa inci 18. Sau nawa 3 ke shiga cikin 18? Sau 6. Watau sai ƙaramin fuli ya yi juyi 6 kafin babban ya yi ɗaya. Mu raba 3,600 gida 6, mun sami 600. Gudun faranti ke nan. Gudu ya ragu, ƙarfin murza ya ƙaru. Wanda ya iya wannan lissafi ba zai sayi fulin da bai dace ba.

Don me mu ke tsoron gudu? Domin gudu yana kawo zafi. Gari ya kan fito da zafi, ya yi gumi cikin buhu, ya lalace. Tsiro kuwa ya fi kome ƙin zafi. Mun san yadda a ke yinsa: a jiƙa dawa ko gero, a shimfiɗa, a rufe, bayan 'yan kwanaki ya tsira, a shanya. Tsirar nan ita ke haifar da wani ƙarfi cikin ƙwaya, mai mai da gari ya zama zaƙi. Shi ya sa ɗan garin tsiro ke tsinka kunu mai kauri, har yaro ƙarami ya iya sha ya ƙoshi. Da tsiron dawa kuma matan Maguzawa na ƙasar Malumfashi su ka saba dafa giya don gayya da buki. In faranti ya matsu ainun, zafi ya yi yawa, ƙarfin tsiro sai ya mutu. Saboda haka a sassauta faranti, a zuba tsiro kaɗan kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Sauran abubuwa huɗu da za mu kiyaye.

Na ɗaya, kada faranti ya yi ta juyi ba hatsi. Ƙarfe zai ci ƙarfe, garinsa ya shiga abincinmu. In an koɗa faranti, a fara niƙa dusa a zubar, kana a karɓi niƙan mutane.

Na biyu, a tsince tsakuwa da ƙusa tun daga gida.

Na uku, bel ba shi da ɗan'uwa. Ya kan fizgi hannun riga ko bakin mayafi, ya tafi da hannun mai shi. A yi masa shinge, a hana yara matsawa kusa. Kada a taɓa shi sai inji ya tsaya cik.

Na huɗu, hayaƙin inji guba ne. A fid da bututunsa waje, a bar taga a buɗe. Kullum da safe a duba baƙin mai da ruwa kafin a ta da inji.

Inji ba shi da hankali, sai na mai shi. In mun lura da shi, matanmu sun huta, har su sami sukunin zuwa aji.

Tambayoyi

1. Me ya sa masara ta yawaita a ƙasarmu bayan 1975?
2. Fulin inji inci 4 ne, na mai niƙa inci 20. Inji yana juyi 3,000. Juyi nawa faranti zai yi?
3. Don me a ke sassauta faranti in za a niƙa tsiro?
4. Ku rubuta: Rigakafi ya fi magani.