Daga Masauki Zuwa Haya: Nazarin Saukar Ɗalibin Ilimi a Garuruwan Jami'a na Jihar Jigawa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ɗalibin digiri na biyu da ya fito daga Miga yake samun muhalli a garin jami'a. An nuna cewa haya ba ta kawar da tsohuwar al'adar masauki ba, a kanta ma ta ginu.

1.0 Gabatarwa

Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a shekarar 2011 da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa a 2013 ya kusanto da ilimi mai zurfi ga al'ummar Miga. Sai dai ɗalibin da ya kai wannan mataki sau da yawa magidanci ne, ɗakin kwanan ɗalibai ba ya ɗaukar sa da iyalinsa. Dole ya shiga gari neman wuri.

2.0 Masauki a Al'adar Bahaushe

A gargajiyance, baƙon ilimi kan sauka a zaure ko shagon gidan malaminsa. Mai masauki shi ne ke gabatar da shi ga mai unguwa, shi ke tsaya masa idan magana ta taso. Cohen (1969) ya bayyana irin wannan tsari a Sabon Ibadan, inda maigida ke saukar da fatake, ya kuma lamunce su a ciniki. Ke nan, masauki ya ƙunshi ɗaki da kuma jingina.

3.0 Zamanin Haya

A yau kalmomin harkar sun sauya: dillali, la'ada, kafin alƙalami, kuɗin shekara, ciki da falo. Duk da haka, kafin a miƙa makulli, masu gidaje da dama kan tambayi wanda ya san ɗalibin, musamman idan gwauro ne. A nan ɗan'uwa ko tsohon abokin karatu ke hawa kujerar mai masauki, ko da bai ba da ɗaki ba.

4.0 Tudu da Fadama

Wanda ya tashi a bakin Kogin Haɗejiya yana da ma'aunin da baƙo daga nesa ba shi da shi. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun rushe gidaje da yawa a wannan yanki. Saboda haka yakan duba ko gida a tudu yake, ko ginin ƙasa ne ko na bulo, da tabon ruwa a jikin bango. Gidan da aka kama da rani, damina ce ke bayyana gaskiyarsa.

5.0 Kammalawa

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Kuɗin haya na samar wa ɗalibi ɗaki, amma zama lafiya da maƙwabta da natsuwar rubuta kundi sun dogara ga ɗan garin da ya tsaya masa. Ya kamata manazarta al'ada su tattara kalmomin wannan harka daga bakin dillalai da masu unguwanni tun ana amfani da su.