Dadirri: Yadda Saurare Ke Zama Magani

Darasinmu na wannan mako ya kai mu Ostireliya, wurin Aborijin, mutanen da ke zaune a ƙasar tun fiye da shekara 50,000 da suka wuce.

A arewacin ƙasar, a bakin Kogin Dali, akwai wata al'ada da ake kira dadirri. Ma'anarta ita ce mutum ya natsu, ya yi shiru, ya saurara da kunne da zuciya. Zai saurari gudun ruwa, kukan tsuntsaye da kaɗawar iska. Idan kuma mutum ne ke magana, ba a katse shi, ba a gaggauta shi. Wadda ta sanar da duniya wannan al'ada ita ce Miriam-Rose Ungunmerr. A 1975 ta zama 'yar Aborijin ta farko da ta samu cikakkiyar shaidar malanta a yankinsu, kuma a 2021 ƙasar ta karrama ta da lambar dattijuwar shekara.

Me ya haɗa saurare da waraka? Daga wajen 1910 zuwa wajen 1970, hukumomi sun riƙa ƙwace 'ya'yan Aborijin daga hannun iyayensu. Yara da yawa sun tashi ba su san uwa ba, ba su san harshensu ba. Wannan ciwon zuciya ne, allura ba ta kai masa. Da aka kafa kwamitin bincike, Aborijin 535 sun ba da labarinsu, rahoton ya fito a 1997. Ranar 13 ga Fabrairu, 2008, Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafararsu a majalisa. Sai da aka saurara kafin a nemi gafara. Wata farfesa 'yar Aborijin, Judy Atkinson, ta yi amfani da dadirri wajen taimakon waɗanda tashin hankali ya taɓa.

Jiki ma yana amfana. Idan muka natsu, numfashi yana lafawa, bugun zuciya yana raguwa. Amma saurare ba ya maye gurbin asibiti. Mai zazzaɓi dai sai likita.

A makarantu irin tamu akwai ɗaliban da suka baro garuruwansu saboda rashin tsaro, akwai marayu, akwai masu damuwar gida. Sau da yawa mukan ce musu "yi haƙuri" tun ba su gama magana ba. Don haka mu gwada abu uku a makon nan:

1. Mu zauna shiru na minti 5 a gindin bishiya, mu ƙirga sautukan da muka ji.
2. Idan aboki ko ƙawa na faɗin damuwa, mu bari su kai ƙarshe, kada mu yi dariya, kada mu kai maganar gaba.
3. Idan abin ya fi ƙarfinmu, mu raka su wurin malami ko malama.

Mu haɗu a fitowa ta gaba.