Umarni da Hani a Lokacin Gobara: Darasi daga Cocoa House

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, a wannan fitowa zan so mu duba umarni da hani a Hausa, ta hanyar wani lamari na rai da mutuwa, wato fitar da jama'a daga dogon bene idan gobara ta tashi.

A nan Ibadan muna da misali. Cocoa House da ke Dugbe bene ne mai hawa 26, wanda aka kammala a 1965. Ranar 9 ga Janairu, 1985 gobara ta kama shi, kuma ba a sake buɗe shi ba sai 1992. Hausawan Ojoo sukan shiga irin waɗannan gine-gine domin ciniki ko aikin gadi, alhali allunan gargaɗi galibi da Turanci ake rubuta su. Saboda haka mai jin Hausa zai iya ceton rai da jimla guda.

Zaɓen Kalma

Da farko, a ce "Gobara!" maimakon "Wuta!", domin a bakin mutanen yau wuta tana nufin lantarki ma, wani zai zaci an kawo wuta ne. Haka kuma rufe daban, kulle daban. Ana rufe ƙofa don a tare hayaƙi, amma wanda ya kulle ta ya tsare na bayansa.

Umarni

Ga mutum ɗaya aikatau kaɗai ya isa: "Fita!" Ga jama'a kuwa sai a sa "ku" a gaba:

1. Ku bi matakala.
2. Ku sauka a hankali.
3. Ku rarrafa in hayaƙi ya yi yawa, domin sama yake tashi.
4. Ku taimaki tsofaffi da naƙasassu.
5. Ku taru a fili, a ƙidaya kowa.

Hani

Ana gina shi da "kada" ko "kar":

1. Kada ku shiga lifta, domin tana iya tsayawa idan lantarki ya ɗauke.
2. Kada ku yi turereniya.
3. Kada ku koma ɗaukar kaya.

Kammalawa

A ganina gajeriyar jimla ce ta fi dacewa, domin wanda ya firgita ba ya sauraron dogon bayani. Ga aikin gida: mayar da jimlolin nan takwas zuwa tilo, na namiji da na mace. Allah ya kiyashe mu, amin.