Amanar Karnukan Azawak: Wasiƙa Ga Ɗana, Sabon Sakatare

Ɗana,

Mahaifinka ya shaida mini cewa ƙungiyar masu kiwon karnukan Azawak da kake ciki a can Faransa ta zaɓe ka sakatare. Allah ya taya ka riƙo. Na san a gida ba za a rasa masu tsaki ba, su ce likitan dabbobi guda ya rasa abin yi sai hidimar kare. Kada wannan ya tsaya maka a rai. Malamanmu ba su hana ajiye kare don farauta ko tsaron dabbobi da gona ba, kuma kowa ya san labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. A aikin kiwo na tsufa, na kuwa ga yadda iri yake lalacewa a hannun mutanen da suke matuƙar ƙaunarsa. Ina so ka shiga wannan kujera da idonka buɗe.

Kai kaɗai ne a kwamitinku, ina zato, wanda ya san karen nan a gidansu. Ka gan shi a zangon Buzaye da rugar Fulani a arewacin Tawa, cikin kwarin Azawak da ya ratsa Nijar da Mali. Yana kwance a inuwar tanti da tsakar rana, dogayen ƙafafu a miƙe, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa alhali lafiyarsa ƙalau. Baƙo ya doso, sai ya tashi tsaye ya zuba masa ido, ba ya kaɗa wutsiya ga kowa. Da dare shi ke korar dila da kura daga garke, da safe ya runtuma bayan zomo ko barewa. Abincinsa nono ne da ɗan gero. Idan karya ta haihu, makiyayi yakan zaɓi kwikwiyo ɗaya ko biyu da zai iya ciyarwa, sannan zafi da yunwa da tafiya su yi nasu zaɓen. Haka aka yi ta tace shi shekara da shekaru, ba alƙali, ba kofi.

A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, ta Yugoslabiya da Faransa. Ƙungiyar FCI, wadda take haɗa manyan ƙungiyoyin karnuka na ƙasashe tun 1911, ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa a farkon shekarun 1980, Amurka kuwa sai a 2019 ƙungiyar AKC ta ba shi cikakkiyar rajista. Ka lura da abu ɗaya a wannan tarihi: karnukan da aka fara da su a Turai 'yan kaɗan ne. Duk dogayen takardun asalin da ake alfahari da su a yau, in ka bi su baya, za ka ga sunaye ƙalilan suna ta maimaituwa. Nan ne amanar da aka ɗora maka take.

Mu fara da littafi, tunda kai ne mai alƙalami. A Faransa babbar ƙungiyar ƙasa, Société Centrale Canine, ita ke riƙe da littafin asali da ake kira LOF tun 1885, kuma kare ba ya samun cikakkiyar takarda sai ya girma alƙali ya duba shi ya tabbatar da shi. To amma littafi ba ya sanin gaskiya da kansa, abin da aka faɗa masa yake rubutawa. Wata rana wani babba a ƙungiya, mai kirki, wanda ya taimake ka lokacin da kake baƙo, zai zo maka da magana a hankali. Zai ce karyarsa ta kuɓuce lokacin barbara, bai da tabbacin uban 'ya'yan, amma a rubuta sunan zakaransa kawai, ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, ɗana. Ƙarya guda a littafin asali tana bin jikoki da tattaɓa-kunne, ranar da cuta ta ɓulla a zuriyar kuwa, sai a yi ta neman tushenta a gidan da ba ya ciki. Yanzu da ɗan yawu a auduga ake gwajin DNA a gane uba. Ka ba shi wannan shawara cikin girmamawa, ka nuna masa kana tare da shi, amma kada hannunka ya taɓa takardar da ka san akwai shakka a cikinta.

Haka maganar cuta. Farfaɗiya tana cikin wasu zuriyoyin Azawak, kai ka fi ni sani. Abin da ke yaɗa ta shi ne kunya. Mai kiwo ya ga karensa ya faɗi yana shure-shure, kumfa a baki, sai ya rufe ƙofa ya yi shiru don kada a ce gidansa ya ɓaci, ya ci gaba da sayar da 'yan'uwan karen. Ƙungiyar da take tsangwamar wanda ya faɗi gaskiya, ita ce take koya wa mutanenta ɓoyo. Ka yi ƙoƙari ku buɗe kundin lafiya, kuma duk wanda ya fara kawo rahoton cuta daga gidansa, a gode masa a gaban taro da sunansa, in ya yarda. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sai babbar fitina, wato zakaran da kowa yake so. Kare ɗaya ya ci gasa biyu ko uku, sai kowa ya kawo masa karyarsa. Cikin 'yan shekaru rabin kwiyakwiyan ƙasar 'ya'yansa ne ko jikokinsa, duk wani aibi da yake ɗauke da shi a ɓoye kuma ya shiga ko'ina, babu inda za a gudu. A iri mai yawan gaske ma wannan illa ce, balle naku. Ku sa iyaka ga yawan barbarar da namiji ɗaya zai yi, ko da mai shi zai ji haushi. Ku kuma ƙarfafa wa masu kyawawan karnukan da ba su taɓa cin kofi ba gwiwa, domin jininsu ne ajiyar da za ku nema gobe.

Za ka haɗu da masu cewa a rufe ƙofa, duk karen da aka kawo daga Sahel ba shi da takarda, don haka ba tsantsa ba ne. Kada ka yi musu fushi, tsoro ne yake sa su, tsoron kada abin da suka gina ya rushe. Ka ba su labarin Basenji, karen Kwango. Masu kiwonsa a Amurka sun fara da karnuka kaɗan, har ciwon ƙoda da ake kira Fankoni ya addabe su. Wasu daga cikinsu suka tafi ƙasar, lokacin tana Zayar, a 1987 da 1988, suka dawo da karnukan ƙauye, a 1990 AKC ta buɗe littafinta ta karɓi 14. Basenji bai daina zama Basenji ba. Ka ƙara musu da na Dalmeshiyan, farin karen nan mai ɗigon baƙi, wanda tsakuwar mafitsara take damu saboda wani aibi da ya game irin duka. A 1973 wani masani, Robert Schaible, ya haɗa karya ɗaya da karen farauta na irin Pointer don a samo lafiyayyen jini, sannan aka yi ta mayar da zuriyar cikin Dalmeshiyan. Sai 2011 AKC ta yarda ta rubuta jikokin. Shekara 38 ana gardama, karnuka suna shan wahalar fitsari. Ku kuwa ba ku bukatar aron jini daga wani iri, naku yana nan da rai a ƙasarsa.

Maganar launi ma ta nan ta ɓullo. Ƙa'idar FCI ta tsaya a kan ja, daga mai haske kamar yashi zuwa mai duhu, da ratsin baƙi ko babu, da ɗan fari a ƙirji da ƙafafu da bakin wutsiya. Ta Amurka ta karɓi kowane launi. Kai ka ga launuka iri-iri a zango, kuma ba ka taɓa jin makiyayi ya ƙi kare mai gudu da tsaro saboda farinsa ya haura gwiwa ba. A ganina Amurkawa sun fi kusa da gaskiya a nan. Ba kai za ka sauya ƙa'ida kai kaɗai ba, amma in an buɗe maganar, ka faɗi abin da idonka ya gani.

Yanzu ga gasa, wadda ita mutane suke gani su ɗauka ita ce ƙungiya. Gasar karnuka ta farko irin ta zamani an yi ta a Newcastle ta Ingila a 1859, da karnukan farauta iri biyu, kyautar kuwa bindigogi. A wannan gasa, wanda ya yi alƙalancin rukuni ɗaya karensa ne ya ci a ɗaya rukunin, haka shi ma alƙalin ɗaya rukunin. Mai yiwuwa karnukansu ne suka fi, amma zargi ya riga ya shiga, kuma irin wannan ruɗani yana cikin abin da ya sa aka kafa Kennel Club a 1873 don a samu doka da littafi. Saboda haka ka kiyaye wannan kamar idonka. A gasarku ta shekara, ku gayyato alƙalin da ba ya cin abinci a gidan kowa daga cikinku, kada ya kwana gidan mai karen da zai shiga fili. Alƙali ba ya duba karen da ya fito daga hannunsa. Kai kanka, ranar da kake riƙe da takardun gasa, bar karenka a gida. Rashin kofi ɗaya ba zai rage ka da komai ba.

Ka tsaya kusa da fili ka kalli alƙalin kirki yana aiki. Yakan matso wa Azawak ta gefe, a hankali, domin ya san kare ne mai ƙyuya. Ya buɗe leɓe ya ga haƙora, ya shafa baya har ƙugu, ya sa a zagaya da shi ya ga tafiyar nan tasa mai sauƙi kamar ba ya taɓa ƙasa, sannan ya faɗa wa magatakarda abin da zai rubuta. Wannan rubutaccen bayani ya fi kofi amfani, domin shi ne yake gaya wa mai kiwo inda zai gyara. Hatsarin yana wajen alƙalin da yake son abin da ya wuce kima. An ce siriri, sai ya zaɓi wanda ya fi kowa rama. An ce dogo, sai ya zaɓi wanda ƙafafunsa suka zama kamar tsinke. Masu kiwo kuma abin da ya ci suke bi. Ta haka aka mayar da Buldog kare mai numfashi da kyar, wanda yawancin matansa sai an yi musu tiyata suke haihuwa. A 2008 BBC ta nuna wani shiri da ya tona wannan ɓarna, ta kuma daina nuna Crufts, babbar gasar Birmingham da take tara karnuka wajen 20,000. Kennel Club ta sake duba ƙa'idojinta, ta daina rajistar 'ya'yan uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa. A Crufts ta 2012 aka sa likitoci su duba zakarun wasu iri 15, shida suka faɗi gwajin. Karnukan da alƙalai suka ce sun fi kowa kenan. Kada ku jira sai 'yan jarida sun zo muku. Ku haɗa gasar kyau da ta gudu, inda ake jan leda da inji karnuka su bi ta a fili, domin Azawak da ba ya iya gudu ya rasa abin da ya sa ake kiransa Azawak.

Sauran hidimar ranar ka san ta: likita a bakin ƙofa yana duba katin rigakafi da lambar da aka dasa a wuyan kare, ruwa da inuwa ko ɗumi gwargwadon lokaci, kada a bar kare a rufe cikin mota. Ka sa ido ga sabon zuwa, wanda ya zo da kwikwiyonsa na farko ya ƙare a na ƙarshe. Je ka same shi, ka karanta masa bayanin alƙali, ka haɗa shi da wani dattijo mai haƙuri. In ya koma gida da ɓacin rai ba zai dawo ba.

Kuɗi kuwa, kada ka taɓa na ƙungiya sai da sa hannun mutum biyu, kuma ma'aji ya karanta lissafi a babban taron shekara ko ba wanda ya tambaya. Rubuta abin da aka yanke a kowane zama, ka aika wa kowa da wuri, tun kafin kowa ya fara tuna shi yadda ya ga dama. In rigima ta tashi tsakanin manyan masu kiwo, za ta kuwa tashi, kada ka zama ɗan aiken kowa. Saurari kowa, ka mayar da su ga dokar ƙungiya.

Abu na ƙarshe ya shafi gida. Yankin Azawak yau ba lafiya, mutane da yawa sun bar zangonsu saboda rashin tsaro da fari, karnukansu ma suna cikin wannan hali. In an samu hanyar kawo sabon jini, a bi dokar rigakafin haukan kare har ƙarshe ba tare da dabara ba, a biya makiyayi haƙƙinsa da mutunci, a rubuta wurin da karen ya fito. Mutanen nan su suka riƙe irin tun kafin a san da wata ƙungiya, bai kamata sunan Azawak ya yi tsada a Turai su kuma ba wanda ya tuna da su ba. Ina roƙonka, a zamanku na farko ka nemi a sa abu biyu a ajanda, kundin lafiya da iyakar barbarar namiji ɗaya, sannan ka rubuto mini yadda aka karɓe su. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara.

Baffanka.