Haƙƙin Wanda Ake Tuhuma a Gaban Shari'a

Mutumin da aka kama bisa zargin laifi, ko da duk gari sun haƙiƙance shi ya yi, ba mai laifi ba ne a wajen doka sai kotu ta ji shaidu ta tabbatar. Wannan ba alfarma ce ake yi masa ba. Haƙƙinsa ne, yana rubuce a sashe na 36 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999. Asalinsa kuwa shawarar Kwamitin Willink ce ta 1958, wadda ta sa aka shigar da irin waɗannan haƙƙoƙi cikin Tsarin Mulkin 1960.

Wajibi ne a gaya masa laifin da ake tuhumarsa da shi dalla-dalla, ba da jinkiri ba, cikin harshen da yake ji. In ba ya jin harshen kotu, sai a samo masa tafinta, ba ya biyan ko kwabo. A ba shi lokacin shirya kariya, ko da kansa ko da lauyan da ya zaɓa. Ya yi wa shaidun mai ƙara tambayoyi, ya kawo nasa. Ba a tilasta shi ba da shaida. In an yanke hukunci, yana da ikon karɓar kwafinsa cikin kwana 7.

Akwai ƙa'ida guda da ta fi shafar masu riƙe da ƙasa, watau ba a hukunta kowa sai da rubutacciyar doka wadda ta ambaci laifin da horonsa. Cikin 1961, a shari'ar Aoko da Fagbemi, wata kotun gargajiya a Jihar Yamma ta kama wata mata da laifin zina. Babbar Kotu ta soke hukuncin, don babu rubutacciyar dokar da ta mai da zina laifi a can. A Arewa kuwa Dokar Final Kot, wadda ta fara aiki cikin 1960, ta rubuta shi. Abin da aka duba ba munin aikin ba ne, rubutun doka ne.

Saboda haka hakimin da aka kawo wa wanda ake zargi ba shi da ikon yanke masa horo, ko da al'adar ƙasarsa ta ƙi abin. Sai ya miƙa shi ga 'yan sanda. Malamin hakimi kuma, in zai rubuta rahoto, ya sa "ana zargin wane da sata", kada ya sa "ɓarawo". Ya rubuta sunayen shaidun ɓangare biyu, da ranar da aka kama shi.